Tarihin Kakata: Me Zan Faɗa, Me Zan Bari?

Jikar_Kaka:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. A wata mai zuwa kakata, mahaifiyar babana, za ta cika shekara ɗaya da komawa wurin Ubangiji. Ta rasu tana da shekara 87. Iyali sun shirya sujadar godiya domin tunawa da ita, kuma da yake ni ce na fi daɗewa a hannunta a cikin jikoki, sai aka ce ni zan rubuta tarihin da za a karanta a gaban jama'a. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Abin da yake fitowa kullum shi ne cewa mace ce mai tsoron Allah, mai addu'a, mai karɓar baƙi. Babu ƙarya a ciki, amma idan na karanta sai in ga kowace kaka za a iya yi wa wannan shaida, tawa kuwa ban gan ta a cikin takardar ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Kakata tana da kaifin harshe, kuma ta yi kusan shekara 12 ba ta ga maciji da mahaifiyata, matar ɗanta. Ina ƙarama na sha ganin mahaifiyata tana share hawaye a ɓoye saboda maganganunta. Sai wata Lahadi da asuba, ranar da za a ci Jibin Ubangiji, Kaka ta taka da ƙafarta har ɗakin mahaifiyata, ta durƙusa ta roƙi gafara. Daga ranar har ta bar duniya ba a sake jin kansu ba, kuma mahaifiyata ce ta yi jinyarta a shekarunta uku na ƙarshe. A wurina babu abin da ya kai wannan asuba girma a duk rayuwarta, amma ba zan iya ba da labarinta ba sai na ambaci shekarun da suka riga ta. Baffana, wan babana, ya ce sam ba a tona asirin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon shawararku a kan abu biyu: yadda zan rubuta tarihin ya zama nata ita kaɗai, da kuma ko ya dace in sa wannan labari.

Mama_Rifkatu:
'Yata, Allah ya ta'azantar da ku. Ni ma kaka ce, na zauna da uwar miji, yanzu kuma ina da matan 'ya'ya, saboda haka na san wannan zama ta fuska biyu. Shawarata ita ce ki bi maganar baffanki. Annabi Mika ya ce Allah yana jefa zunubanmu cikin zurfin teku, a sura 7 aya 19. Abin da kakarki ta tuba a kai, aka kuma yafe mata, ban ga dalilin da zai sa jikarta ta tsamo shi ta shanya a gaban jama'a ba. Ki duba makokin da Dawuda ya yi wa Saul a 2 Sama'ila sura 1. Mutumin nan ya jefe shi da mashi, ya yi ta farautar ransa a jeji, amma da ya mutu a dutsen Gilbowa, Dawuda bai ambaci mashin ko sau ɗaya ba. Jaruntakarsa ya faɗa, da alherin da ya yi wa 'yan matan Isra'ila. Ki kuma tuna da waɗanda za su zauna a majami'a ranar nan. Ke a kan gafara za ki yi magana, amma akwai kunnuwan da shekara 12 ɗin kawai za su ɗauka su tafi da ita gida, kakarki kuwa ba ta nan balle ta kare kanta.

Malam_Bitrus:
Mama, ina girmama maganarki, amma ki ba ni izini in ɗan saɓa. Makokin Dawuda yana nan kamar yadda kika faɗa, sai dai Littafin da ya ɗauko makokin shi ne ya ba mu labarin mashin a 1 Sama'ila sura 18 da 19, bai ɓoye mana ba. Saratu ta wulaƙanta Hajaratu har ta gudu daga gidan, ta yi dariya ga alkawarin Allah sannan ta yi musun ta yi, duk yana rubuce a Farawa 16 da 18, kuma wannan bai hana a ambaci sunanta a surar masu bangaskiya ba, wato Ibraniyawa 11. Musun da Bitrus ya yi wa Ubangijinsa yana cikin Bisharu huɗu duka, alhali shi ne babba a cikin manzanni. Abin da ya fi taɓa ni a labarin 'yar'uwarmu shi ne ranar da abin ya faru. A Matiyu 5:23 da 24 an umarci wanda ya kawo baiko gaban bagade, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya tukuna. Mun ji wa'azi a kan wannan aya ba adadi, amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa ganin tsohuwa ta aikata ta ga matar ɗanta? Idan aka cire wannan daga tarihinta, an cire shaidar da ta fi kowace ƙarfi.

Danladi_22:
Kafin a yi nisa da ayoyi, ina da tambaya guda. 'Yar'uwa, kin tambayi mahaifiyarki? Labarin nan na mutum biyu ne, ɗaya ta tafi, ɗaya kuma tana raye, za ta zauna a majami'a idon kowa yana kanta lokacin da kike karantawa.

Jikar_Kaka:
Ɗan'uwa Danladi, gaskiya ban tambaye ta ba. Na yi ta tunanin mutuncin Kaka da ɓacin ran Baffa, ban tsaya na yi tunanin yadda ita za ta ji ba. Na gode ƙwarai, zan same ta da maganar.

Talatu_M:
Ni a kan tambayar farko nake so in yi magana, domin na ga kowa ya tafi ta biyu. Lokacin da kakata ta rasu ni ma na rubuta irin waɗannan kalmomi na mai haƙuri da mai addu'a, aka karanta, aka watse, kuma har yau yana damuna, domin ko maƙwabciyarta aka karanta wa takardar za ta dace. Abin da ya kamata in faɗa shi ne cewa kakata ba ta iya karatu ba sai da ta haura shekara 60. Ta shiga ajin manya tare da mata sa'o'in 'ya'yanta saboda buri ɗaya, wato ta karanta Zabura 23 da idonta, ko da yake ta riga ta haddace ta tun tana budurwa. Takan sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma tana bi a hankali, har wannan shafi ya yi baƙi ya yi laushi kamar tsumma, sauran shafuka kuwa suna nan da farinsu. Da na faɗi wannan kaɗai, da kowa ya gan ta.

Ki duba labarin Tabita a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta mutu a Yafa, gwauraye mata ba su tsaya suna jera wa Bitrus halayenta ba, riguna da tufafin da ta ɗinka suka ɗaga suna nuna masa suna kuka. Saboda haka ki ajiye kalmomin yabo tukuna, ki tambayi kanki ƙarfe nawa take tashi, ina take zama, wace kalma ce ba ta rabuwa da bakinta, me take yi idan ta ji labarin wani yana ciwo. Ki tambayi kowane jika abu ɗaya da ya gani da idonsa. Tarihin zai fito daga nan.

Dalibin_Tauhidi:
Akwai wanda ya fuskanci irin wannan tambaya fiye da shekara 1,600 da suka wuce, wato Agustin, bishop na Hippo, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka tana addu'a dominsa, har aka yi masa baftisma a birnin Milan a 387, ita kuma ta rasu a wannan shekara a Ostiya, kusa da Roma, tana da shekara 56. A kashi na tara na littafin ikirarinsa ya rubuta tarihinta, kuma duk da irin ƙaunar da yake mata bai fara da yabo zalla ba. Ya faɗi yadda tun tana yarinya, idan aka aike ta ɗebo ruwan inabi, takan kurɓa kaɗan, kaɗan ɗin ya yi ta ƙaruwa, har wata baiwa ta yi mata gori da sunan mashayiya a cikin faɗa, maganar ta soke ta, ta daina daga ranar. Ya kuma faɗi cewa da farko uwar mijinta ta juya mata baya saboda tsegumin barori, sai da haƙuri da ladabi suka shirya su. Abin lura shi ne dalilin da ya sa ya faɗa. Bai yi don ya rage mata daraja ba, yana so ne a ga cewa halin da aka san ta da shi aikin Allah ne a cikinta, ba da shi aka haife ta ba. Ya kuma rubuta cewa ya danne hawayensa wajen biso, sai da ya kaɗaita daga baya ya yi kuka, bai ji kunyar rubuta wannan ma ba. A ganina wannan yana goyon bayan Malam Bitrus.

Tsohon_Malami:
Ɗana, bayaninka daidai ne, amma akwai bambanci biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, Agustin ɗa ne yake rubutu a kan uwarsa, kuma sai da shekaru suka shige bayan rasuwarta ya rubuta, a cikin littafi, ba a gaban dangi masu sabon rauni ba. Na biyu, laifin da ya ambata na ƙuruciya ne, wanda bai cuci kowa ba sai ita kanta. Na kakar 'yar'uwarmu kuwa akwai wadda aka cuta.

Tun da kuma maganar kaka ake yi, bari in kawo kakanni. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis, sannan mahaifiyarsa Afiniki, a 2 Timoti 1:5. Wannan aya ɗaya ce kaɗai ta ambaci sunan Loyis, kuma abin da aka ajiye game da ita shi ne abin da ta bari a cikin jikanta. Haka Basil Babba, bishop na Kaisariya a ƙasar da take Turkiyya a yau, wanda ya rasu a 379, ya shaida a wasiƙunsa cewa a hannun kakarsa Makrina ya fara koyon sanin Allah. Ita kuwa ta sha gudun hijira da mijinta a zamanin da ake tsananta wa Kirista, suka ɓuya a dazuzzuka. Saboda haka ni da za ki ji tawa, 'yata, ki duba jikokin nan ki ga abin da kakarku ta bari a cikinsu, ki rubuta shi. Idan akwai wanda ya koyi neman gafara daga gare ta, to ya faɗa da bakinsa.

Veronika_A:
Na ji daɗi da aka ambaci Monika. Ina so in ƙara abin da ta roƙi 'ya'yanta tana gab da rasuwa, cewa su binne jikinta ko'ina ba damuwa, abu ɗaya take nema, su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Mu a Katolika a nan muke samun hutu daga irin wannan damuwa. Ba sai mun tabbatar wa jama'a cewa kakarmu ba ta da aibi ba, domin muna ci gaba da yi mata addu'ar jinƙai, musamman ranar 2 ga Nuwamba da muke tunawa da dukan masu bi da suka rasu, kuma muna dogara da 2 Makabiyawa sura 12. Kakata ta yi shekara 9 da rasuwa, ban taɓa barin wannan rana ta wuce ban ambaci sunanta ba.

Fasto_Yakubu:
'Yar'uwa Veronika, na gode da kika faɗi matsayinku a fili da ladabi, ni ma zan faɗi namu haka. Ikilisiyoyin da suka biyo tafarkin gyaran da aka yi a ƙarni na 16 ba sa lissafta Makabiyawa cikin littattafai 66 da muke kafa koyarwa a kansu, kuma ba ma yi wa matattu addu'a. Muna riƙe da maganar Yesu ga ɓarawon nan a kan gicciye a Luka 23:43, da maganar Bulus a Filibiyawa 1:23 cewa tashi daga jiki zama ne tare da Almasihu. Shi ya sa muke kiran irin wannan taro sujadar godiya. Amma a kan abu ɗaya muna tare: babu ɗayanmu da yake koyar da cewa kaka ta sami karɓuwa saboda ba ta taɓa yin laifi ba. Na binne tsofaffi da yawa, kuma abin da yake damuna da tarihin da ake karantawa shi ne, sau da yawa yana yin wa'azin da ya saɓa wa wanda zan yi bayan minti biyar. Tarihi ya ce ta shiga sama domin kirkinta, ni kuma in tashi in ce ta wurin alheri ne.

Veronika_A:
Fasto, a kan wannan magana ta ƙarshe ba mu da saɓani ko kaɗan. Sauran kuma ba a nan za mu warware shi ba, gara mu koma ga tambayar 'yar'uwarmu.

Amina_S:
Ni Musulma ce, amma kakata ta wajen uwa Kirista ce, kuma a ɗakinta na yi yawancin ƙuruciyata, don haka ku ba ni dama in sa baki. Ita ce take tashe ni sallar asuba idan barci ya ɗauke ni, sannan ta koma gefe ta buɗe Littafinta. Ba ta taɓa ce mini in bar abin da iyayena suka ɗora ni a kai ba, ni ma ban taɓa jin nauyin zama kusa da ita tana waƙoƙinta ba. Da ta rasu aka karanta tarihinta, an lissafa ayyukanta a ikilisiya da muƙaman da ta riƙe, amma ba a ambaci cewa tana da jikoki Musulmi da ta rena ba, kamar dai abin kunya ne. Muna zaune a wurin muna ji. Wannan shiru ya yi mini ciwo fiye da duk wata kalma da za a iya faɗa. A addinina an hana zagin mamaci, kuma ina ganin hikimar hanin. Sai dai ina so 'yar'uwa ta sani cewa abin da aka tsallake ma yana magana. Idan aka karanta tarihin nan babu shekara ukun da mahaifiyarki ta yi tana jinya, ita za ta ji an tsallake ta, ko da ba ta ce komai ba.

Nas_Ladi:
Maganar jinya ta tuna mini da wani abu da ba a cika sa wa a tarihi ba, wato shekarun ƙarshe. Aikina jinyar tsofaffi ne, kuma kakata ma cutar mantuwa ce ta kama ta, irin wadda likita Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906. Ta kai ba ta gane 'ya'yanta, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, wani lokaci kuma ta yi faɗa da zagin da ba mu taɓa ji a bakinta ba. Wannan ba halinta ba ne, ciwo ne yake cin ƙwaƙwalwa, kuma ina roƙon iyalai kada su riƙe irin wannan a zuciya. Amma idan aka ɗauko waƙar sujada da ta saba tun tana yarinya, sai ta bi daga baitin farko har na ƙarshe ba kuskure, haka ma Addu'ar Ubangiji. Mu ma'aikatan jinya mun saba ganin haka, domin waƙa da abin da aka daɗe ana maimaitawa sukan jima ba su goge ba bayan sunaye sun tafi. Dangina sun so a yi shiru a kan shekarun nan, ni kuwa na nace aka sa. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna inda ta kafa ranta ba.

Ishaya_B:
Abin da zan faɗa nadama ce. Kakata ta sha ce mini in zo in zauna ta ba ni labarin yadda ta karɓi bangaskiya, da yadda mahaifinta ya yi fushi da ita a kai, ni kuma ina ta cewa sai na sami hutu. Ta rasu ban je ba. Abin da ya rage mana shi ne Littafinta, tsohuwar fassarar Hausa ce, wadda aka fara bugawa cikakkiya a 1932, aikin da Likita Walter Miller yake cikin manyan waɗanda suka yi. Hausar ciki ta bambanta da ta fassarorin baya, har yaranmu kan tsaya su tambayi ma'anar wasu kalmomi, amma da wannan Hausa take addu'a, kuma idan na karanta muryarta nake ji. A bangon ciki ta rubuta sunan kowane ɗa da jika da ranar baftismarsa. Mun kusa ɓatawa a kan wanda zai riƙe shi, daga baya muka ɗauki hoton duk shafin da ta yi wa alama muka raba wa kowa. 'Yar'uwa, idan Littafin kakarki yana nan, ki buɗe shi kafin ki sake ɗaukar alƙalami. Masu kaka a raye kuma, ku je da waya ku naɗi muryarta a wannan mako.

Jikar_Kaka:
Na dawo, kuma ina godiya ga kowa. Na yi abu biyu da kuka ce.

Na sami mahaifiyata da daddare bayan kowa ya kwanta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce labarin da nake riƙe da shi rabi ne. Ta ce ita ma ba ta yi shiru a shekarun nan ba, ta mayar da magana mai zafi ba sau ɗaya ba, kuma akwai shekara biyu da ta hana mu, ni da ƙannena, shiga ɗakin Kaka, abin da ni ban tuna ba sam saboda ƙuruciya. Ta ce a asubar nan da Kaka ta durƙusa, ita da farko juya mata baya ta yi, Kaka kuwa ba ta tashi ba, sai da ta juyo suka yi kuka tare. Maganarta ita ce, idan za a faɗa to a faɗa duka, ba ta yarda a tsayar da ita a matsayin wadda aka zalunta a gaban mutane alhali ta san nata rabon ba. Ta ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ba ta so a ce harshe kaɗai ya ji ciwo.

Na kuma buɗe Littafin Kaka kamar yadda ɗan'uwa Ishaya ya ce. Na fara da Matiyu 5 saboda maganar Malam Bitrus, ban ga alama ko ɗaya a wurin ba. A Yakubu sura 3 na same ta, inda ake maganar harshe da yadda ba mai iya sarrafa shi. Ta ja layi a ƙarƙashin aya ta 8 har takardar ta kusa hujewa, a gefe kuma da rubutunta mai karkata ta sa kalma biyu: ni ce. Tawadar iri uku ce, wato ba rana ɗaya ta rubuta ba, ta yi ta komawa tana bi a kai. Na zauna da Littafin a cinya na kasa tashi. Baffa dai har yanzu yana kan bakansa.

Malam_Bitrus:
Abin da mahaifiyarki ta faɗa ya gyara mini tunani. Na yi ta kawo ayoyi a kan a faɗi gaskiya, ashe gaskiyar da muke da ita a hannu ba cikakkiya ba ce, kuma da kin karanta ta yadda take da farko, da kin yi wa kakarki rashin adalci da kyakkyawar niyya. Har yanzu ina ganin a faɗa, amma yanzu ina ganin mahaifiyarki ce ta fi cancanta ta faɗa, idan za ta iya tsayawa.

Mama_Rifkatu:
'Yata, na yi hawaye da na karanta kalma biyun nan. Mace da take faɗa da harshenta a ɓoye shekara da shekaru, mutane suna ganin kaifi kawai, Allah kuwa yana ganin tawada. Duk da haka ban canja ra'ayi a kan majami'a ba. Baffanki ɗanta ne na fari, tun kafin a haifi babanki yake kiranta uwa, kuma ba daidai ba ne ranar tunawa da matar da ta nemi sulhu ta zama ranar da aka buɗe sabuwar ɓaraka tsakanin 'ya'yanta. Kada ki je masa da takarda a rubuce kamar an riga an yanke magana. Ki bar babanki ya shige gaba, ku je da mahaifiyarki, ku ba shi Littafin ya gani da idonsa. Mai yiwuwa akwai abin da shi ma yake riƙe da shi wanda ba ku sani ba, domin kaifin nan ba a kan mahaifiyarki ya fara ba, shi ya girma a ƙarƙashinsa.

Talatu_M:
Me zai hana a yi biyu? A karanta gajere a majami'a, a ce ta san rauninta, ta yi kokawa da shi, ta kuma nemi gafara inda ta yi laifi, ba tare da ambaton suna ko shekaru ba. Cikakken labarin kuma a rubuta shi domin jikoki da tattaɓa-kunne, a ajiye a gida.

Fasto_Yakubu:
Shawarar 'yar'uwa Talatu tana da kyau, amma ina da ɗar-ɗar da ita. Na ga iyalai sun yi haka, na majami'a ya zama shi ne aka buga aka raba, na gida kuma aka yi ta ɗagawa har waɗanda suka san labarin suka ƙare. Idan za ku bi wannan hanya, a fara rubuta na gida a gama shi, a karanta wa iyali a zaune, sannan a tsamo na majami'a daga cikinsa.

Danladi_22:
Ina da wata tambaya kuma. Durƙuson da ta yi, a gaban mutum ta yi shi, akwai mai shaida. Kalma biyun nan kuwa tsakaninta da Allah ta rubuta su, ba ta nuna wa kowa ba har ta mutu. Ko da Baffa ya amince da labarin asubar, ina ganin shafin nan magana ce dabam, kuma ya kamata ku tsaya ku auna ko na karantawa a gaban jama'a ne.

Jikar_Kaka:
Ɗan'uwa Danladi, tun daren da na gani nake juya wannan a raina, har na ji nauyin yadda na kawo shi nan da sauri. Babana ya yarda mu je wurin Baffa ranar Asabar, shi da ni da mahaifiyata, kuma ta ce idan aka amince ita za ta tsaya ta faɗi nata da bakinta. Zan tafi da Littafin a rufe, in miƙa masa, ba zan nuna masa shafi ba. Takardata kuwa yanzu sakin layi ɗaya ne a cikinta. Na rubuta cewa Kaka takan tashi ƙarfe huɗu na asuba, ta zauna a bakin gado ba ta kunna fitila ba, ta kira sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarami, kuma idan ta tsallake wani sai ta koma farko. Ni ce ta bakwai, kuma nakan yi lamo a bayanta ina jira ta iso kaina.